Kafin Abuja, a fara da na gida

Wani labari da na karanta ya ce ƙungiyoyin gama kai su haɗa tawaga su je Abuja ganin sanatoci, amma ni ina ganin an tsallake na kusa. Mu manoman tumatir a Garun Malam ta jihar Kano, abin da ke cin mu a rani shi ne kaya su cika kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya faɗi warwas, wani har ya bar kwandunansa a bakin titi don kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Wurin ajiya mai sanyi da hanyar shiga gona ai a kasafin kuɗin jiha ake sa su, kuma 'yan majalisar jiha ne ke zama a kansa. Bara mun je wurin ɗan majalisarmu na jiha mu 12, ba takarda, kowa na faɗin nasa, muka dawo hannu rabbana. Laifinmu ne. Da muka koma da takardar rajista da sunayen mambobi da buƙata ɗaya tak a rubuce, sai zama ya canza, nan take ya sa aka karɓa. Kai kuma mai cewa a bari sai lokacin kamfe, ka yi haƙuri, a lokacin kowa alkawari yake yi. A je tun kafin gwamna ya kai kasafi majalisa. Su kuma matan da ke busar da tumatir, wa zai sa su a tawagar?