A gwada kafin a saya, ko da ana sauri

Tun da sakataren tsaron Amurka, Pete Hegseth, ya zaftare ma'aikatan ofishin gwajin makamai na ma'aikatar tsaron ƙasar, wato Pentagon, a Mayun 2025, daga 90 da ɗoriya zuwa 45, nake jin ana cewa wai an rage ɓata lokaci. Wane lokaci? Majalisar Amurka ta kafa ofishin nan ne a 1983 domin a samu mai sa ido a gwada makami a hannun soja na gaske, ya kai mata rahoto kai tsaye ba tare da kamfani ko janar ɗin da ke riƙe da shirin sun sa masa baki ba.

Ba na ja da sauri. Sashe na 804 na dokar tsaro ta 2016 ya buɗe gajeriyar hanyar sayen makamai: a ƙera samfuri a nuna aikinsa cikin shekara 5, ko cikin wata 6 a fara ƙera kayan da fasaharsu ta riga ta tabbata, a gama rabawa cikin shekara 5. Doguwar tantancewar takardu aka yafe wa masu bin wannan hanya. Gwaji yana nan kan wuyansu.

Ku dubi IVAS, tabarau mai kwamfuta da aka ƙera wa sojoji. A Maris 2021 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba Microsoft kwangilar da za ta iya kaiwa dala biliyan 21.88. A Afrilun 2022 Sufeto Janar na ma'aikatar ya yi gargaɗi cewa ba a ma ayyana mizanin da zai nuna soja ya karɓi na'urar ba. Da aka ɗaura wa sojoji a atisaye, sai ciwon kai, ciwon ido da tashin zuciya, yawancin waɗanda abin ya dama tun kafin awa 3. Wa ya rubuta wannan? Ofishin da aka zaftare. Daga nan Majalisa ta hana dala miliyan 400 na sayen guda 6,900, ta ba da miliyan 40 a koma a gyara.

Masu cewa China ba za ta jira Amurka ba, na ji ku. A gwada tukuna. Kuɗin samfuri daban, kuɗin sayen dubbai daban, kada a saki na biyun sai rahoton gwaji ya fito.

Wani misalin abin da nake gudu shi ne motar yaƙi M10 Booker da aka soke a 2025. Nauyinta ya kai tan 38 har ba a iya jefo ta da lema daga jirgi, alhali sojojin lema na cikin waɗanda aka tanadar wa ita.