"Digirin waya," in ji Dakta

Wanda ya halarci walimar nan ta ranar Asabar ya ji da kunnensa, wanda bai je ba kuma na san labari ya riga ya same shi, don haka ba sai na maimaita ba. Na yi shiru a wurin ne saboda girman furfura, kuma saboda yarinyar da aka tara mu dominta tana zaune tana ji. Amma kwana uku ke nan maganar ta ƙi barin raina.

Mace da aure, da 'ya'ya uku, da aikin koyarwa a firamaren ƙauye, ta yi shekaru tana karatu bayan sallar isha'i har ta kammala digiri ta hanyar karatu daga nesa, sai babban mutum, wani Dakta, ya kurɓi lemo ya ce, "Ai wannan digirin waya ne." Da na kawo masa misalin Niyuwe, tsibirin nan da na yi muku rubutu a kansa kwanakin baya, sai ya ƙyalƙyale da dariya, wai tsibirin da bai kai unguwa ɗaya ta Kano ba zan kafa masa hujja da shi. Ya rufe da karin magana: zuwa da kai ya fi aike.

To, ranka ya daɗe Dakta, na ji. Zuwa da kai ya fi aike. In wanda ya je ɗin bai dawo ba fa?

Tunda an raina Niyuwe, bari mu zauna a kanta. (Niue ake rubutawa, kuma ba Nijar ba ce, don na ga wasu sun fara yi wa Yamai addu'a a wancan rubutun.) Dutse ne guda ɗaya a tsakiyar tekun Pasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 260 ko kusa da haka, ƙauyuka 14, babban birni Alofi. Tun 1974 suke mulkin kansu, da majalisarsu mai kujeru 20, amma da yarjejeniyar ƙawance da Niyu Zilan. Wannan yarjejeniya ita ce gatansu, ita ce kuma ciwonsu, domin duk ɗan Niyuwe ɗan ƙasar Niyu Zilan ne. Ba biza, ba layin ofishin jakadanci, ba wanda zai tambaye shi takardar banki. Jirgi ya hau, awa uku da rabi yana birnin Auckland na Niyu Zilan.

Sai ku ji abin da buɗaɗɗiyar ƙofa ta haifar. A 1966 mutanen tsibirin sun haura 5,000. Yau ba su cika 2,000 ba. A can Niyu Zilan kuwa, masu asalin Niyuwe sun haura 30,000. Gidaje na nan a ƙauyuka an kulle, ciyawa ta cinye tsakar gida. Harshensu ma yana cikin waɗanda UNESCO ta ce suna fuskantar barazanar ɓacewa, don jikokin da aka haifa a Auckland da yawansu ba sa jin sa. Ba yaƙi aka yi ba, ba annoba ba. Zuwa da kai ne, Dakta. Wani ya tafi neman aiki, wani ya tafi karatu, ya gama ya sami aiki, ya yi aure, ya ce sai baɗi, baɗin nan har yau ba ta zo ba.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai riƙe da ma'aikatar ilimi a irin wannan wuri. Sakandare ɗaya tak gare ka a duk ƙasar. Malamar lissafi tana son ƙaro karatu. In ka tura ta waje shekara uku, wa zai shiga ajinta ranar Litinin? Kuma wa ya ba ka tabbacin za ta dawo, alhali albashin can ya fi naka? Haka ma'aikaciyar jinya, haka akawun baitulmali, haka mai duba injin wutar lantarki. A Kano in malami ɗaya ya tafi, ɗari na riƙe da takardun neman aiki a bakin ƙofa. A Niyuwe in mutum ɗaya ya tafi, ofis guda ne aka sa wa kwaɗo. Shi ya sa a wurinsu karatu daga nesa ba "da babu gara ba daɗi" ba ne. Shi ne dabarar da ke sa a ilimantar da mutum ba tare da an rasa shi ba.

Kuma ba jiya suka fara ba, ba korona ce ta koya musu ba kamar yadda ta koya wa wasunmu. Jami'ar Kudancin Pasifik, wadda ake kira USP, an kafa ta a 1968. Ƙasashe da tsibirai 12 ne suka haɗa kai suka mallake ta, har da Niyuwe, da tsibiran Cook, da Tokelau, da Tubalu, da Nauru, saboda kowannensu ya san shi kaɗai ba zai iya riƙe jami'a ba. Babbar harabar tana Suva a Fiji, sashen shari'a yana Banuwatu, aikin gona yana Samowa, sannan kowace ƙasa da tata cibiyar, Alofi ma da tata. Tun farkon shekarun 1970 suke aika darasi a takarda, jirgin ruwa ko na sama ya kai, ɗalibi ya yi aikinsa ya mayar. A cikin shekarun ne kuma suka sami aron wani tsohon tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna ATS-1, malami na zaune a Suva yana magana, ɗalibai a tsibirai daban-daban suna ji suna tambaya, murya kawai, ba hoto. A shekarar 2000 Japan da Ostireliya da Niyu Zilan suka taimaka jami'ar ta sami nata tsarin sadarwa ta tauraron. Yau darussa suna kan Moodle, wata manhajar karatu ta intanet. A 2020 aka shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Manatua, wadda ta haɗa Samowa da Niyuwe da tsibiran Cook da Tahiti.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ranka ya daɗe. Lokacin da suka fara "digirin waya", wayar ma ba ta zo gidanku ba.

Wani abin da ya fi burge ni ƙarami ne. Layin da ke raba kwanakin duniya ya ratsa tsakanin Fiji da Niyuwe, tazarar awa 23. Wato malamin da ya shiga aji Litinin da hantsi a Suva, a Alofi Lahadi ce, mutane na coci, kuma mutanen nan ba sa wasa da Lahadinsu. Ka ga ɗalibin da ko ranar ba ɗaya suke ciki da malaminsa ba, amma a haka ake lallaɓawa a yi karatu a ci jarrabawa. Mu kuwa malami da ɗalibi suna gari ɗaya, rana ɗaya, haraba ɗaya, amma a 2022 wata takwas cur ba su haɗu ba saboda yajin aiki. A 2020 ma wajen wata tara. Duk waɗannan yara sun "je da kansu". Sun biya kuɗin ɗaki, sun sayi katifa da risho. Me zuwan ya tsinana musu a watannin nan?

Na san abin da za a ce, tun a walimar an fara. Wai ana satar amsa. Madalla. A zauren jarrabawa mai masu sa ido huɗu ba a taɓa yi ba ko? Waɗancan shagunan da ke bakin ƙofar manyan makarantu, da ake rubuta wa ɗalibi kundin kammala karatu daga babi na ɗaya zuwa na biyar, don masu karatun nesa aka buɗe su? Ku bar wannan zance.

Wai babu rayuwar jami'a, ba a goge ba. Uwa mai 'ya'ya uku wace gogewa kuma take nema, zaɓen ƙungiyar ɗalibai?

Wai likita ba ya koyon tiyata a waya. Wa ya ce yana koya? Su ma 'yan Niyuwe mai son likitanci Fiji yake tafiya ko Niyu Zilan, ba wanda ya yi gardama. Amma ƙasa ba likitoci kaɗai take buƙata ba. Don mutum biyu dole su tafi, sai a ce sauran hamsin ma su tattara su bi su?

Wai intanet na yankewa. Yana yankewa mana. A Janairun 2022 dutse ya yi aman wuta a teku kusa da Tonga ya tsinke wayarsu ta intanet da ke ƙarƙashin teku, suka yi sama da wata guda kusan a yanke da duniya. Ita kanta Niyuwe a Janairun 2004 guguwar Heta ta ragargaza Alofi har da asibitinsu. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai guguwar da ta tsinke waya ba ta barin rufin aji. Ban taɓa jin an ce a daina gina makaranta don iska na yaye kwano ba.

Ga ma wani abin dariya da ya kamata Dakta ya sani. A Fabrairun 2021 gwamnatin Fiji ta wancan lokaci ta kori shugaban jami'ar ta USP, Farfesa Pal Ahluwalia, daga ƙasar. Majalisar gudanarwar jami'ar ba ta sauke shi ba. Ya ci gaba da shugabanci daga Nauru, daga baya daga Samowa, sai a 2023 ya koma Fiji bayan an canza gwamnati. Jami'ar da shugabanta ma daga nesa ya riƙe ta. Sai mu ce masa shugaban waya.

Bari in ajiye ba'a, don abin ba na ba'a ba ne. Na fahimci inda tunanin Dakta ya samo asali, ni ma a cikinsa na tashi. Mu a wurinmu karatu tafiya ne. Yaro ya ɗauki allo da buzu ya yi gabas, ya sha wuya, ya dawo gardi ko alaramma, a fita tarye. Mun saba auna ilimi da nisan tafiya da yawan wahala. Akwai gaskiya a ciki, zama gaban malami yana da albarkar da na'ura ba ta da ita, ban musa ba. Amma wannan ma'auni maza ya auna, kuma mazan da ke da halin tafiya. Ita matar da ke cikin gida fa? Nana Asma'u ta gane haka tun ƙarni na 19, shi ya sa ta kafa 'Yan Taru, jajis, wato matan da ta koyar, suna ɗaukar darasi daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka har inda suke. Aike ne wannan, Dakta, ba zuwa da kai ba. Ka tashi a taro ka ce karatun aike ne mu gani.

Mandela yana kurkuku ya yi digirin shari'a da jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta hanyar wasiƙa. Jami'ar NOUN tamu, ta karatu daga nesa a Najeriya, an kafa ta a 1983, aka dakatar a 1984, sai a farkon shekarun 2000 aka farfaɗo da ita, kusan shekara 18 a banza saboda irin wannan raini. Obasanjo bayan ya sauka daga mulki can ya koma har ya yi digirin digirgir. Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Duk waɗannan ba su ishe ka ba, sai ka zo ka karya wa yarinya gwiwa a ranar farin cikinta, a gaban mijinta da surukanta.

Abin da na gani a fuskarta shi ya hana ni barci. Ta yi murmushi irin na kunya, ta sa hannu ta juya takardar shaidar da ke kan cinyarta ta kifa ta. Wannan yarinya da ta tafi birni karatu shekara huɗu, da ajinta na ƙauye ya zauna ba malami, don na san makarantar, su uku ne ke riƙe da aji shida. Kuma da ta ɗanɗana birni, Allah kaɗai ya san ko za ta koma. Ƙauyukanmu da yawa Niyuwe ne, teku ce kawai babu. Duk wanda ya yi boko ya tafi, sai sallah ake ganin sa da mota, ya raba sabbin kuɗi ya juya. Sannan mu zauna a birni muna mamakin me ya sa asibitin ƙauye ba ma'aikaci.

Ba cewa na yi a raba waya da kwamfuta shi ke nan an gama ba. Niyuwe ma a 2008 an raba wa kowane ɗan makaranta ƙaramar kwamfuta, duniya ta yi ta yayatawa, amma ba wannan ne ya riƙe su ba. Cibiya ce a gari, da mutum a cikinta mai karɓar aikin ɗalibi, da jarrabawa mai sa ido, da takardar shaida wadda gwamnati ke girmamawa in an zo ƙarin girma. Abin da ya rage mana ke nan, wannan na ƙarshen, kuma ba kuɗi yake ci ba. Bakin irin su Dakta ne kawai.

Af, na tuna. Da Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya iso Niyuwe a 1774 mutanen suka hana shi sauka, sai ya yi fushi ya raɗa masa suna "tsibirin 'yan daji", sunan ya bi su sama da shekara ɗari a taswira. Mutumin da bai shiga gari ba ya yanke wa gari hukunci. Ban ce da kowa nake ba.

Kuma wai a 2020 Niyuwe ta zama ƙasa ta farko da aka ba wa shaidar kare duhun sama baki ɗayanta, saboda fitilu ba su yi yawan da za su dushe taurari ba, masu yawon buɗe ido har biya suke su je kallo. Jama'a, wa ya san inda ake cike takardar neman wannan shaida? Unguwarmu yau kwana tara ke nan, tun da na'urar rarraba wuta ta yi bindiga. Jiya a tsakar gida na ga Kaza da 'Ya'yanta tar, har ƙaramin ɗana yana tambaya ko sababbi ne. Wannan rubutun ma a shagon mai caji na ƙarasa shi, naira ɗari biyu.