15 ga Afrilu: Kowannensu Ya Kwana da Shirin Gobe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun safe shafukan "rana irin ta yau" suke ta jero mana waɗanda aka haifa da waɗanda suka mutu a 15 ga Afrilu. Na leƙa ƙarƙashin wani rubutun, sai ga jama'a ana ta musun wa ya fi wa shahara, wasu har da alamar dariya. Jerin mamata ne fa! Subhanallah, yaushe zukatanmu suka bushe haka?

Ku dubi Abraham Lincoln, shugaban Amurka na lokacin yaƙin basasarsu. Ranar 9 ga Afrilun 1865 babban janar ɗin 'yan tawayen Kudu ya miƙa wuya, yaƙin basasar da ya ci shekara huɗu ya doshi ƙarshe. Bayan kwana biyar Lincoln ya ɗauki matarsa suka tafi kallon wasan kwaikwayo a Washington, ya samu ya ɗan sarara. Nan aka harbe shi a ƙeya. Aka kwashe shi zuwa wani gidan haya a tsallaken titi, gadon ma ya yi masa kaɗan, sai a karkace aka shimfiɗe shi. Shugaban Amurka guda. Da safiyar 15 ga wata rai ya yi halinsa.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne katafaren jirgin ruwan nan Titanic, a 1912. Tun da rana wasu jirage suke aiko da gargaɗi cewa akwai duwatsun ƙanƙara a gaba, bai rage gudu ba. Ƙarfe 11:40 na dare ya gogi ƙanƙara, ƙarfe 2:20 na daren wayewar 15 ga wata Tekun Atlantika ya haɗiye shi, mutum sama da 1,500 suka halaka. Kwale-kwalen ceto 20 ne kacal, ba za su ɗauke kowa ba. Duk da haka na farkon da aka sauke, mai cin mutum 65, ko rabi bai cika ba. Me ya sa? Mutane da yawa ba su yarda jirgin zai nitse ba. Ciki da ɗumi, fitilu na ci, makaɗa na kiɗa, wa zai bar wannan ya shiga ɗan kwale-kwale cikin duhu da sanyi? Ana kiran su suna jan ƙafa. Sai da jirgin ya karkata sosai kowa ya farga, a lokacin yawancin kwale-kwalen sun yi nisa.

Wallahi haka muke yi da tuba. Ana kira, muna cewa tukuna.

A 1989 magoya bayan Liverpool sun tafi filin Hillsborough kallon ƙwallo, turmutsutsu ya yi sanadin mutuwar 97. A 2023 mutanen Khartum suna cikin goman ƙarshe na azumi, hankali ya koma shirin Sallah, suka wayi gari da ƙarar manyan bindigogi. Kuma a rana irin wannan aka haifi Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen Italiya, a 1452, aka haifi Kim Il Sung na Koriya ta Arewa a ainihin ranar da Titanic ya nitse. Wani gida barka, wani gida ta'aziyya. Kada wani ya camfa ranar, ba ta da laifi. Duk ranar da ka buɗe a kalanda haka za ka same ta.

To ɗan'uwa, kai fa? Ka san ranar haihuwarka, duk shekara sai ka sa hoto an yi ta maka fatan tsawon rai. Ranar mutuwarka ma tana nan cikin kalandar, kowace shekara kana bi ta kanta ka wuce ba ka gane ta ba. Amma bakinka bai gaji da "sai" ba. Sai albashi ya shigo zan biya bashin nan, albashi nawa ya shigo? Sai na yi aure zan daina. Sai shi ya fara yi min magana, alhali cikinku ɗaya. 'Yar'uwa, ramuwar azumin da kike ta ɗagawa, da wa kika yi alkawarin za ki kai baɗi? Kiran mahaifiya yana shigowa ka danne, wai kana da uzuri, anjima za ka kira. Haba! Babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, kuma babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Mun haddace ayar, a wajen jana'iza kawai muke tunawa da ita.

Don ƙauna nake faɗa, ba don na fi kowa ba. Don girman Allah, wanda kake gaba da shi, kira shi yau. Mai binka bashi, in babu kuɗin, je ka nemi ya ɗaga maka, ka rubuta, ka sanar da iyalinka. Sallar da ake binka, tashi ka yi alwala yanzu. Yau, don Allah, kafin ka kwanta.

Allah Ya sa mu cika da imani.