Yaren da aka ƙera a kan tebur

Duk wanda ya riƙe takardar kuɗin Suwizalan zai ga harsuna huɗu a jikinta: Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Romansh. Na ƙarshen ne autansu. Waɗanda suka ɗauke shi babban harshensu ba su wuce kimanin dubu 40 ba, galibi a kwarurukan jihar Graubünden. Amma a 1938 ’yan ƙasar suka kaɗa ƙuri’a, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka amince ya zama harshen ƙasa.

Matsalar ita ce Romansh ba baki ɗaya ba ne. Kare-karensa biyar ne, kowanne da rubutunsa da littattafansa na makaranta, don duwatsu sun daɗe da raba ƙauyukan. Gida a bakin mutumin Surselva “casa” ne, a tsakiyar jihar “tgesa”, a ƙasan kwarin Engadin kuwa “chasa”. Ka ga ke nan duk takardar hukuma sai an zaɓi bakin da za a rubuta ta, a bar huɗu suna ƙorafi.

Shi ya sa ƙungiyar Lia Rumantscha, mai kula da harshen Romansh, ta nemi wani masanin harshe daga Zurik, Heinrich Schmid, ya haɗa musu daidaitaccen rubutu guda. A 1982 ya fito da Rumantsch Grischun. Ya jera manyan kare-kare uku, duk sigar da ta fi rinjaye ita yake ɗauka. Aiki ne na hankali, kuma a ofis ya yi rana: dokoki, fom, sanarwar gwamnati, duk suka samu tufa ɗaya.

Inda gizo ya yi saƙar shi ne aji. Majalisar jihar ta yanke a 2003 cewa littattafan makaranta a sabon rubutun kaɗai za a riƙa bugawa, kuma rage kashe kuɗi na cikin dalilan. Yaro ya tashi da bakin uwarsa, ya je makaranta a miƙa masa wani da babu kakar da ta taɓa yin tatsuniya da shi. Iyaye suka yi tsaye, aka kafa ƙungiyar Pro Idioms ta masu goyon bayan kare-karen a 2011, garuruwa da dama suka koma wa karin harshensu, majalisa ta janye.

Ina bayan iyayen nan, ko da yake masu ɗaya ra’ayin ba shirme suke yi ba. Hujjarsu ita ce ƙaramin harshe da ya rabu gida biyar, Jamusanci zai haɗiye shi ɗaya bayan ɗaya, don kusan kowane mai jin Romansh yana jin Jamusanci. Gaskiya ne. Sai dai yaron da aka ɗora wa baƙon rubutu a aji ɗaya, me zai hana shi tsallakewa zuwa Jamusancin da zai ba shi aiki?

Mu namu da sauƙi. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, baki ne mai rai da ake ciniki da shi a Kurmi. Basakkwace zai yi gunaguni, ya rubuta, ya koma gida ya ci gaba da Sakkwatancinsa. Rumantsch Grischun ba shi da kasuwar da ake taya kaya da shi, kuma shekara 40 da ’yan kai ba su samar masa ita ba.