Masu kewar Bashir, wai wa ya haifi Da'ama?

Kwanakin nan babu guruf ɗin WhatsApp na 'yan uwanmu da za ka leƙa, na Gadarif ne ko na Kassala ko na waɗanda suka tsallaka Jidda da Riyad, da ba za ka ci karo da tsohon bidiyon Umar al-Bashir, tsohon shugaban Sudan, yana rawa yana kaɗa sanda sama ba, sai ka ga ana ta rubuta "ya halilak ya Bashir" (wato muna kewarka Bashir), "Allah ya dawo mana da zamaninka", wani ma cewa ya yi wai butulcin da aka yi wa bawan Allahn nan ne ya jawo mana yaƙi. Wannan ta ƙarshen ita ta sa na kasa yin shiru.

Na san inda maganar take fitowa. Mutumin da ya gudo daga Madani a Disamban 2023 da kayan jikinsa kawai, yau yana kwana da iyalinsa a ajin makaranta an raba ɗakin da zani, in ya ce jiya ta fi yau ba ƙarya ya yi ba. Amma tsakanin "jiya ta fi yau" da "Bashir ya fi" akwai tafiya mai nisa, kuma masu tura bidiyon nan da gangan suke tsallake ta.

To bari mu yi tambayar da ba sa so. Su waɗannan Da'ama, wato dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan, da suka kore mu daga gidajenmu, daga sama suka faɗo? A 2003 da tawaye ya tashi a Darfur gwamnatin Bashir ce ta ɗebo 'yan ƙabilu ta ba su bindiga da mota ta ce ku je ku yi mana aiki, su ne Janjawid ɗin da duniya ta sani, Musa Hilal ne babbansu a lokacin. A 2013 aka yi musu sabon suna RSF aka sa su ƙarƙashin hukumar Amn, wato ta tsaro da leƙen asiri, aka ɗora Hamidti a kai. A 2017 majalisar Bashir ta yi musu doka ta musamman, kuma a shekarar ne RSF suka kama Musa Hilal ɗin, zinaren Jabal Amir ya koma hannun Hamidti, ga kuma kuɗin da yake shigowa daga yaran da ake turawa yaƙin Yaman. Mutumin da ya fara da fataucin raƙuma sai ga shi da runduna tasa, da ma'adinai nasa, da hulɗa da ƙasashen waje tasa. Kowa a ƙasar nan ya ji cewa Bashir da bakinsa yake ce masa "himayti", wato garkuwata, saboda tsoron kar sojojinsa su yi masa juyin mulkin da ya yi wa Firaminista Sadiƙ al-Mahdi ranar 30 ga Yunin 1989. Ka yi kiwon kura a tsakar gida don ta tsare ka daga 'ya'yanka, ranar da ka bar gidan ta fara cin mutane, sannan a ce a yi kewarka wai lokacin da kana nan ba ta ci kowa ba? Ai tana ci, a Darfur take ci, mu ne dai ba mu ji kukan ba saboda nisa. Burhan, shugaban sojoji, ma yana da nasa kason tunda bayan 2019 shi ya ƙara sakar wa Hamidti mara, amma wannan ba ya wanke wanda ya fara.

Sai su ce ai burodi yana da araha a lokacinsa. Wane lokacin? Shekara talatin ya yi fa. In ana nufin tsakanin 1999 da aka fara fitar da fetur zuwa 2011, to eh an ga kuɗi, an yi tituna da gadoji da madatsar Marawi, ba na musu. Amma ranar 9 ga Yulin 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man, me aka tarar an ajiye? Gandun Jazira da kakanninmu suka ƙare ƙarfinsu a cikinsa suna tsinkar auduga, dokar 2005 ta ƙarasa shi, magudanan ruwa suka cike da laka da ciyawa, injinan gurzar auduga da layin dogon gandun aka sayar aka watsar. Kuma su Bashir ɗin nan su ne mutanen da suka zo suna cewa za mu ci abin da muka noma mu sa abin da muka saƙa. Kuɗinmu jineh kuwa sai da aka mai da shi dinari, aka sake dawo da shi jineh a 2007 an yanke sifili uku, shi ya sa har yau tsofaffinmu in za su ce dubu sai su ce miliyan. Duk wanda ya yi 2018 a Khartum bai manta da layi uku ba, na burodi da na fetur da na ATM, ka tsaya tun asuba kuɗinka ne a banki amma a ce maka babu kash. Mutanen Atbara da suka ƙona ofishin Mu'utamar Watani, jam'iyyar Bashir, ranar 19 ga Disamba ba Amurka ce ta aiko su ba, burodin jineh 1 ne ya koma jineh 3.

Masu cewa shi mutumin kirki ne na kusa da shi ne miyagu, ba ni da lokacinsu, shekara talatin ta wuce a ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zancen addini, wai ya tsayar da shari'a. A Disamban 1989 gwamnatinsa ta rataye saurayi Majdi Mahjub saboda an samu kuɗin waje a gidansu. A 2019 da aka shiga gidan Bashir kusan Yuro miliyan 7 aka samu a jibge, kuma shekara biyu kacal kotu ta ba shi, a gidan gyaran hali ma saboda ya haura saba'in. A watan azumin 1990 aka harbe hafsoshi 28 ana dab da sallah, iyalansu suka yi shekaru ba su san inda kabarinsu yake ba. A wane littafin fiƙihu aka karanto wannan? Ga buyutul ashbah, gidajen sirri na jami'an tsaro inda ake azabtar da mutane a lokacinsa, ga dubban ma'aikata da aka kora da sunan salihul am, wato maslahar jama'a, don a cusa kezan, wato 'yan Islamar gwamnatinsa, a gurbinsu.

Mu Hausawa kuma ban san me muke kewa ba wallahi. Mun manta da 2008, da jaridar Al-Ayyam ta jingina masa maganar cewa mu ba 'yan ƙasa ba ne, mutanenmu suka fito a Gadarif da Kassala aka zubar da jini? An musanta maganar daga baya, to mu ce bai faɗa ba. Amma wanda ya taɓa zuwa neman rakam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya san yadda ake kallonsa da zarar ya faɗi ƙabilarsa, a ce ka kawo takardar kakanka, ka kawo shaida, ka dawo gobe, alhali garin Mai Wurno da kakanninmu suka kafa ya girmi ita kanta Sudan mai 'yanci da shekaru kusan hamsin. 'Yan uwanmu na kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona, a Jazira shekara talatin ɗin nan haka suka yi ta a bakin tur'a, wato magudanar ruwa, ba fili nasu ba wuta ba asibiti, sai lokacin zaɓe a zo da lori a kwashe su. Za a ce kashe-kashen ƙabilanci da suka same mu a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 ai bayan faɗuwarsa ne. Haka ne, amma wa ya mai da sarautar gargajiya kayan rabon jam'iyya, a ba wannan omda, wato dagaci, a hana wancan, a koya wa kowa cewa ba ka da daraja sai da ƙabilarka da bindigarka?

Abin da ya kamata ba wani mai wuya ba ne. Shari'ar juyin mulkin 1989 da aka fara a 2020 yaƙi ya tsayar da ita, kuma shi da kansa ya tashi a kotu a Disamban 2022 ya ce alhakin abin da ya faru ranar 30 ga Yuni yana wuyansa. A ci gaba da ita ranar da aka samu sarari, sammacin kotun duniya ta ICC na 2009 da 2010 kan Darfur ma yana nan ba a janye ba, ko a miƙa shi ko a yi masa shari'ar Darfur a gida, ya haura tamanin lokaci ba ya jira. Manyanmu kuma masu ƙungiyoyi a Bur Sudan da Jidda, maimakon tura bidiyon rawa, su fara haɗa sunayen waɗanda aka ƙwace wa gona da gida tun 2022, don ranar da za a zauna rabon ƙasar nan da takarda za a tambaye mu.