Mun daina kunyar sayen gwanjo, saura kunyar sayarwa

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Barci a lokacin da ake fasa dila ya san cewa kunyar sayen gwanjo ta daɗe da barin garin Kaduna. Ma'aikacin banki da malamar makaranta da ɗalibi duk wuri ɗaya suke durƙusawa, kowa yana ɗaga riga yana duba wuya da hammata, yana neman zaɓen farko kafin na kusa da shi ya riga shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, masu cewa araha ba ta ado sun yi shiru, domin ita kanta dilar da ake shigowa da ita daga waje farashinta yana bin dala.

Abin da har yanzu muke ɓoyewa shi ne sayar da namu kayan, kuma a ganina wannan ɓoyon yana jawo wa talaka asarar da ba ta zama dole ba. Matar da buƙata ta taso mata ba za ta fito da kayan ɗakinta fili ba, sai ta aika a kira dillaliya bayan magariba, ta miƙa mata zannuwa da kwanuka a ƙulle cikin tsumma, tana roƙon kada a faɗi daga gidan da suka fito. Dillaliya za ta zaga gidaje, ta dawo ta ce nawa aka taya, mai kaya kuwa ba ta da hanyar sanin ko tayin da aka faɗa mata shi ne wanda aka yi. Ba ina zargin dillalai gaba ɗaya ba ne, akwai masu amana da yawa waɗanda la'adarsu kawai suke ci. Amma cinikin da mutum ɗaya ne kaɗai ya ji tayinsa, da wuya mai kaya ya sami haƙƙinsa cikakke.

Maza sun fi yin ɓarna a nan. Magidanci zai kira ɗan jari bola ya ba shi tsohon keken ɗinki ƙirar Singer da ya gada, a ɗora shi a sikeli a biya shi kuɗin ƙarfe. Keken nan ba narka shi za a yi ba. Zai iya ɓullowa a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, wani mai ido ya gane shi, ya wanke shi da kananzir, ya sa masa sabon bel da allura, tela ya saye shi da murna, domin tsofaffin kekunan nan na baƙin ƙarfe sun fi yawancin na yanzu ƙarko. Haka labarin yake ga tsohuwar fankar sama mai nauyi, da keken hawa ƙirar Raleigh, da tasoshin tagulla na kakanni, da gadon ƙarfe mai rumfa. Wanda ya tsinci irin waɗannan yakan yi ta ba da labarin dacen da ya yi, ba a dai jin ta bakin wanda ya rabu da su a kuɗin goro.

A Amurka al'ada ce iyali su fito da kayan da suka gama amfani da su ƙofar gida, yawanci ranar Asabar da safe, su liƙa wa kowanne farashi, maƙwabta su zo su taya. A Ingila kuma fili ake samu, kowa ya zo da kayansa a bayan mota ya baje. Babu wanda ke ɗaukar hakan alamar karayar arziki. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne mai kaya da mai saye suna haɗuwa ido da ido, kuma mai saye yana iya tambayar shekarun abu da aibinsa daga bakin wanda ya yi amfani da shi.

Addininmu bai hana cinikin wa zai ƙara ba. Abin da hadisi ya hana, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi wani ya biya da tsada. Wannan ita ce cutar da ke kashe gwanjo a ko'ina, tare da kishiyarta, inda masu saye ke haɗa baki su ƙi ɗaga tayi, su raba riba daga baya. Hukumar Kwastam ta mayar da gwanjonta intanet a 2017, kuma ko a nan sai mutum ya yi hattara da 'yan damfara masu kiran waya suna cewa a turo kuɗi a ware masa mota.

Na san za a ce sutura ce, mai sayar da katifarsa ba ya son unguwa ta sani. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a bar mabuƙaci ya fito shi kaɗai ba. Idan unguwa kamar Badarawa ko Unguwar Rimi ta ware Asabar ɗaya a wata, a filin makarantar firamare, mai hali ya fito da kujerun da ya canja, mai barin gari ya fito da firjinsa, uwa ta fito da kayan da yara suka girme wa, babu mai iya gane wanda yunwa ta fito da shi. Sharaɗi biyu kawai zan nema. Na farko, mai unguwa ya san kowane mai baje kaya, don kada wurin ya zama mafakar kayan sata, musamman wayoyi. Na biyu, a tanadi wuta ko janareta a gefe, domin duk wanda zai sayi kayan lantarki ya jona ya ga suna aiki kafin a yi sallama.