Zumuncin masu babur ya wuce ɗaga hannu

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a kan babur ya san wannan. Kana tafe, sai wani mai babur ya ɓullo daga ɗaya hannun. Ba ka san shi ba, fuskarsa ma a rufe take cikin hular kwano, amma sai ya sauke hannu ya nuna maka yatsu biyu, ko ya ɗan sunkuyar da kai. Kafin ka gama amsawa kun wuce juna, kuma da wuya ku sake haɗuwa har abada. Direbobin mota ba kasafai suke yi wa juna haka ba. Masu babur kuwa suna yi a ƙasashe da dama, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba.

Yadda ake gaisuwar ya danganta da hannun da ake tuƙi. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai, inda ake bin hannun dama, mai tahowa ta hagunka zai wuce, don haka hannun hagu ake saukewa, tunda na dama yana kan totur da birkin gaba. Masu nuna yatsu biyu ƙasa suna fassara alamar da fatan tayoyinka biyu su ci gaba da zama a kan kwalta. A Ingila, inda ake bin hannun hagu, mai tahowa ta damanka yake, kuma sakin totur ba dabara ba ce, sai aka fi yin gaisuwar da kai. A Faransa mai babur kan miƙe ƙafar dama don gode wa direban da ya matsa ya ba shi hanya. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To, mutumin da gilashin hula ya rufe wa fuska, hannunsa da ƙafarsa ne suka rage masa.

Dalilin wannan ƙauna ba ɓoyayye ba ne. Mai babur ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi. Ruwan da ya doki wancan shi ne zai doke ka, ramin da ya kauce wa yana jiranka a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mutanen da ke fuskantar haɗari iri ɗaya ba sa buƙatar a gabatar da su ga juna.

Ina son wannan gaisuwa, kuma ina ganin ta cancanci a riƙe ta. Sai dai a wurina alkawari ce, kuma ana gane mai cika shi ne a ranar da ya hango ɗan'uwansa tsaye a gefen hanya yana duba injin. Ɗaga hannu ba ya cin mai, ba ya cin lokaci. Tsayawa ita ce mai tsada. Wanda babur ya mace masa a dokar daji ba shi da inuwa, ba shi da ƙofar da zai kulle, kuma kayan gyaran da zai iya ɗauka kaɗan ne. Sau da yawa kuma matsalar ba ta taka kara ta karya ba: mai ya ƙare, taya ta yi faci, fulogi ya ƙi, sarƙa ta zame. Sifana ɗaya, ko aron waya, ko kai mutum gidan mai mafi kusa, ya isa ya raba shi da kwana a hanya. A wasu ƙasashe, ajiye hular kwano a ƙasa bayan babur alama ce ta neman taimako. Ko babu wata alama, rage gudu ka tambaya da hannu ko lafiya ba zai rage ka da komai ba. Idan wurin bai kwanta maka a rai ba, domin akwai miyagun da ke fakewa da lalacewar abin hawa, kana iya wucewa ka sanar da jami'an hanya ko mutanen da ka fara tararwa.

Idan faɗuwa aka yi, ladabin yana buƙatar sani. Abu na farko shi ne a tsare wurin don kada wata mota ta zo ta ƙara, sannan a kira masu agajin gaggawa. Kada a fizge hular kwano daga kan wanda ya faɗi, sai idan numfashinsa ne ya toshe, saboda mai yiwuwa wuyansa ya samu rauni kuma jan hular zai iya lalata lakarsa. Ɗaga waya ana ɗaukar bidiyon mutum yana kwance cikin jini kuwa rashin imani ne, ko da wace hujja aka kawo.

Akwai wani abu da ke ɓata mini rai a wannan al'ada, wato yadda wasu suka mayar da ita ta masu hali. Mai ƙaton babur zai gaida mai ƙaton babur, amma ya ɗauke kai idan ya ga ɗan acaba, ko mai kai saƙo da akwati a baya, ko mai ƙaramar sikuta. Alhali babur ɗin da ya fi kowanne yawa a tarihi ƙarami ne: Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958, kuma adadinsa ya haura miliyan 100 a 2017. Mafi yawan masu hawa babur a duniya abinci suke nema da shi, ko wurin aiki suke zuwa, ko yara suke kaiwa makaranta. Wanda yake wuni a kan sirdi daga safiya zuwa dare ya fi mai fitowa shan iska a ƙarshen mako sanin zafin hanya. Idan haɗari ɗaya ne tushen zumuncin, girman inji ba shi da hurumi a ciki.

Gaskiya ne cewa a birane masu cunkoson babura irin su Hanoi da Jakarta da Kamfala babu mai ɗaga wa kowa hannu, domin da za a yi, babu hannun da zai koma kan kuloci. A irin wannan cunkoso ladabi yana cikin tuƙin kansa: ka ba da sigina kafin ka karya kwana, kada ka gifta ɗan'uwanka a matse ba zato, kada ka manne wa tayarsa ta baya, kada ka danna masa ham daga fitila ta ba da hannu. Haka kuma wanda ka gaida bai amsa ba, a yi masa uzuri. Wataƙila yana canza giya, ko yana cikin kwana, ko ɗan koyo ne da bai kai ga sakin hannu ɗaya ba. Idan kuma tafiyar ta ayari ce, a bar sababbin hannu kusa da jagora, gogagge ya tsare baya, kuma kada a tunzura kowa ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa don gudun gori.

Sai ɓangaren da masu babur ba su cika son a taɓo ba. Haɗin kan da ke sa a tsaya wa ɗan'uwa shi ne wani lokaci yake rikiɗewa ya zama taron dangi. Mota ta taɓa babur, kafin ƙiftawar ido babura sun kewaye ta, an yanke wa direba hukunci tun ba a san mai laifi ba. Na san fushin yana da asali. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan nazarin haɗurran babur 900, ya gano cewa a kusan kashi biyu cikin uku na karon da ya haɗa babur da wani abin hawa, ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur, kuma galibi bai ma lura da shi ba. "Ban gan shi ba" magana ce da masu babur suka gaji da ji. Duk da haka, dukan direba ba ya ɗinke rauni. Ana can ana hayaniya, wanda ya ji ciwon yana kwance babu mai kula da shi. Abin da ya fi muni, direban da ya san abin da ke jiransa idan ya tsaya, guduwa zai yi, kuma motar da za ta iya kai mai rauni asibiti ta tafi ke nan.

Ya kamata kuma mai babur ya tuna cewa yadda yake jin tsoron babbar mota, haka mai tafiya a ƙasa yake jin tsoronsa. Hawa hanyar masu ƙafa don guje wa cunkoso, keta fitilar tsayawa, kwance salansa a riƙa firgita unguwa cikin dare, duk waɗannan suna jawo wa kowane mai babur baƙin jini, har da wanda bai taɓa yi ba. Shi ne zai gamu da direban da aka ɓata wa rai jiya.

Mafi wuya a cikin wannan zumunci shi ne gaya wa ɗan'uwa gaskiya. Wasu suna buga saman hula da tafin hannu don sanar da mai tahowa cewa akwai 'yan sanda a gaba. Da an ba da irin wannan himma wajen nuna wa mutum cewa fitilarsa ta baya ta mutu, ko ya manta bai ɗage jak ba, ko igiyar kayansa tana lilo kusa da taya, da an fi amfana. Nazarin da aka tattara ya nuna cewa hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69, amma hular da ba a ɗaure maɗaurinta ba tana iya tashi kafin kai ya kai ƙasa. Idan kun tsaya tare a fitila ka ga maɗaurin nasa yana reto, ko ya ɗauko yaro ba hula, yi masa sallama ka faɗa masa cikin mutunci. Zai iya haɗe rai, zai iya cewa ina ruwanka. Faɗa masa dai, kafin fitilar ta ba ku hannu.